Yadda Rediyo Ta Koyi Shiru

Sha-Mari ya tsufa yana shan mari a talabijin. Da shi aka san shi, da shi ya yi rufin gidansa, da shi 'ya'yansa suka gama makaranta. A kowane shiri shi ne mai gadi mai barci, ko miji mai tsoron mata, ko ɓarawon kaza, kuma kafin a rufe sai wani ya wanka masa mari, ya dafe kunci, ya juyo ya kalli kyamara da idanun nan nasa na akuya, gari ya kwashe da dariya. Sunansa na yanka ya ɓace tun tuni. Ko ta'aziyya ya je sai ka ga mutane suna danne dariya suna nuna shi da baki. Abin yana ci masa rai, wallahi yana ci masa rai, amma wa zai kai wa kuka? Matarsa ma da ya fara sai ta ce, "Baban yara, kuncin nan shi ya ciyar da mu, ka daina zaginsa."

Ana nan sai Darakta ya aiko a kira shi. Yaro ne sa'an ɗansa, siriri, mai tabarau, mai magana a hankali kamar likita zai faɗi mugun labari. Shi ke da shirin 'yan sandan nan mai dogon zango da kowa ke kallo. A wannan zangon, in ji shi, za a bi sawun wani mai gyaran keke ne da ke lalata da yaran unguwa, kuma Sha-Mari yake so ya fito a mai gyaran keken.

"Ni?" in ji Sha-Mari. "Yallaɓai, ko dai ka ɓata lamba ne?"

"Kai nake so, Baba, don kowa yana sonka. Mugun da ke da fuskar mugu ai ba ya samun yaran mutane. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Babu mari a ciki?"

"Ko ɗaya."

Ranar a ƙafa ya koma gida, yana tafe yana gyara wuyan riga.

Yarinyar da za ta fito tare da shi ba ta wuce shekara takwas ba. Tun ranar farko ma'aikata suka laƙaba mata Rediyo, don bakinta ba shi da murfi. Kafin azahar kowa ya san direba yana shan sigari a bayan janareta, kuma mai kwalliya ta yi kuka a waya. Da aka kawo ta gaban Sha-Mari ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mama ta ce a fili ka fi tsufa."

Uwar ta rufe fuska da mayafi. Ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai take riƙe da yarinyar, kullum a gajiye, kullum da warin maganin asibiti a hannunta. "Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Haka take. Ko ƙuda ne ya sauka mata a hannu sai na ji labarinsa, har da launin ƙafarsa."

"Bar ta," in ji Sha-Mari, yana dariya. "Gaskiya ta faɗa."

Daga ranar ta koma kiransa Kawu. Ranakun da uwar ke aiki, a hannunsa take barinta, hankalinta kwance.

Sai ga matsala. Rediyo ta iya komai, ta haddace layinta da na kowa, amma ba ta iya tsoro ba. Tun tana rarrafe take ganin fuskar Sha-Mari a akwatin talabijin. Da ya ɗaure fuska ya matso, sai ta fashe da dariya, tana jiran a mare shi. Aka ɗiga mata ruwan hawaye, hawaye na zuba tana ƙyalƙyatawa. Darakta ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya cire tabarau ya murza ido. A ƙarshe ya ja Sha-Mari bayan janareta, inda ƙara ba ta barin kowa ya ji maganar wani.

Abin da ya tsara shi ne a ba yarinyar abin da za ta so da gaske, ya zama sirri tsakaninta da Kawu. Ranar ɗauka kuma Kawu ya nuna zai raba ta da shi.

"Haba, Yallaɓai," in ji Sha-Mari. "'Yar mutane ce fa. Amana aka ba ni."

"Wa ya ce ka taɓa ta? Ko yatsa ba za ka ɗora mata ba. Baba, yanzu haka da muke tsaye yara nawa ake yi wa na gaske a bayan ƙofa? Idan uwa ɗaya ta ga fuskar nan ta juya ta tambayi 'yarta, mun ci riba. Tsoron ɗan lokaci ne, yaro kuma ba ya riƙe abu." Ya mayar da tabaransa. "In ba za ka iya ba, ba laifi. Akwai gurbin mai gadin ofishin 'yan sanda, ba mu ba kowa ba tukuna."

Sha-Mari ya san abin da ake yi wa mai gadi kafin a rufe shiri. Ya tsaya yana kallon hayaƙin janareta. Maganar ceton yara ta yi masa daɗin ji, sai ya rungume ta hannu bibbiyu, don mai neman uzuri ko a hanya ya tsinta ba ya tambayar na wane ne.

Washegari mai kula da kayan wasa ya kawo 'yar kyanwa a kwali, ya ajiye ta a sito, tsakanin bindigogin roba da kujeru masu karyayyun ƙafafu. Sha-Mari ya kai Rediyo, ya buɗe kwalin. Yarinyar ta durƙusa ta leƙa ciki. Nan take ta raɗa mata suna Toka, nan take kuma ta miƙe za ta ruga ta faɗa wa duniya.

"Tsaya!" ya ce. "Maman taki tana son kyanwa?"

"A'a. Ta ce suna sa ni tari."

"To kin gani. In ta ji, za a jefar da ita a titi. Wannan tsakaninmu ne, ni da ke."

Hana Rediyo magana aiki ne, amma Sha-Mari gwani ne, kuma da wasa ya bi ta. Ya tura mai kwalliya ta tambaye ta me suke yi a sito. Da ta yi shiru, ya ba ta alewa. Ya tura direba. Daga baya shi da kansa yake gwada ta. Sai ya marairaice ya ce, "Je ki faɗa wa Mama, na yarje miki. Wallahi ba gwaji ba ne." Da ta ɗaga ƙafa sai ya tafa hannu ya ce, "Kin faɗi!" su yi ta dariya. Ba a jima ba ta gane. Ko ya rantse sai ta noƙe kafaɗa ta ce, "Gwada ni kake yi, Kawu." Shi kuwa, Allah ya yafe masa, har alfahari yake ji.

Kada wani ya ce bai sani ba. Kullum da safe a cikin bas yake bitar labarin, kuma ga shi nan ƙuru-ƙuru yadda mai gyaran keke ke farawa da yaran: da kyauta, da wasa, da "tsakaninmu ne". Ya gani sarai. Yakan rufe takardun ya kalli taga ya ce wa kansa ai shi niyyarsa daban ce.

Ranar ɗaukar, kamar da gangan, uwar ba ta da aiki, ta biyo 'yarta. Darakta bai ko girgiza ba. Ya sa aka hau da ita ofis a bene, aka ba ta shayi, aka zube mata hotunan Rediyo a tebur wai ta zaɓi wanda za a sa a allon talla.

An gina shagon kekuna a tsakiyar zauren, da tayoyi a rataye, da bencin da ya sha baƙin mai, da bokitin ruwan da ake tsoma tub ɗin taya a nemo inda ya huje. An kafa kyamara a bayan kafaɗar Sha-Mari, yadda ba za a ga komai nasa ba sai ƙeya. Fuskar yarinyar kaɗai za ta cika akwati.

"Faɗi duk abin da zai yi aiki," Darakta ya raɗa masa. "Bakinka ba ya fitowa. Daga baya za mu ɗora kalmomin labarin a kai."

Rediyo kuwa an ce mata gwajin fitila ne kawai. Ta shigo tana tsalle, ta hango kwalin a ƙarƙashin benci, ta zaro ido. Sha-Mari ya tura ƙofar shagon, ya murɗa makulli, ya jefa shi a aljihu. Ya sunkuya ya ɗago Toka ta fatar wuya, ya riƙe ta ƙasa-ƙasa inda kyamara ba ta kaiwa.

"Kin faɗa wa Mama," ya ce.

"Ban faɗa ba, Kawu!" Tana dariya.

"Ƙarya kike yi."

Muryar da ta fito ko shi bai san yana da ita ba. Ba tsawa, ba ɗaga harshe, a sanyaye. Rediyo ta ci gaba da murmushi tana leƙen fuskarsa, tana jiran idanun akuya su fito. Bai bar su sun fito ba.

"Kin ga bokitin nan? Duk ranar da kika buɗe baki, a nan zan danna kanta har ta daina motsi. Kuma ke kika kashe ta, ba ni ba."

Ya sauke kyanwar har jelarta ta taɓa ruwa, ta yi ɗan ƙara. Murmushin ya zame daga fuskar yarinyar. Ta ruga ƙofa, ta ja, ta ji ta gam. Ta dubi inda ma'aikata suke, fitilu suka kashe mata ido, ba ta ga kowa ba, ba kuma wanda ya yi tari. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ta dawo gabansa a hankali, ta haɗa hannuwa.

"Kawu, don Allah," ta ce. "Zan zama mai kirki."

Wannan ba ya cikin labarin. Sha-Mari ya sunkuyar da kai, sai ya ga fitsari yana bin ƙafarta yana shiga takalmi.

"Yanke!" in ji Darakta.

Wani ya fara tafi, saura suka bi. Mai ɗaukar sauti kaɗai ya cire abin kunnensa ya ajiye ya fita waje. Sha-Mari ya durƙusa yana cewa wasa ne, fim ne, kin ga kowa yana tafa miki. Ta gyaɗa kai. Mai kula da sutura ta zo ta ja ta da sauri, ta wanke ta, ta canza mata kaya kafin uwar ta sauko. Da yarinyar ta dawo ta nemi Toka, babu kwali. Ashe aro aka yi, mai kayan wasa har ya fita da ita.

Sha-Mari ya zauna a bencin yana jira. Rediyo ce fa. Yanzu uwar za ta sauko, yanzu za a zazzage mata komai, da bokiti, da makulli, da takalmi. Ya san matar za ta tako har gabansa, ya kuma san ta wane ɓangare marin zai zo. Tunda yake bai taɓa son mari ba sai ranar, har kuncinsa yana ƙaiƙayi.

Uwar ta sauko da hoto a hannu, fuskarta a washe. "Yaya aikin, 'yar gidana?"

Rediyo ta dubi Kawu, ta dubi bokitin. "Lafiya lau," ta ce.

"Shi ke nan? Yau babu labari?" Uwar ta juyo tana dariya. "Baba, me kuka ba ta?"

Ga ƙofa a buɗe, ba mai hana shi shiga. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "'Yar nan taki 'yar baiwa ce. Allah ya raya miki ita."

Bayan an gama ɗauka aka kira shi ɗakin sauti, wani ɗan matsattsen ɗaki mai soso a bango, don ya ɗora kalmomin labarin. Aka sako fuskar Rediyo a allo. Sai ya faɗi layinsa, a ce bai zauna daidai ba, a mayar baya. Murmushin ya dawo fuskarta, ya sake zamewa, ya dawo, ya sake zamewa, har ya daina sanin sau nawa. Mai ɗaukar sauti bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ɗana," in ji Sha-Mari da za shi fita, "na ainihin fa? Abin da na faɗa ranar?"

"Darakta ya ce a goge."

"Ka goge?"

"Ina da iyali, Baba."

Da aka nuna shirin, gari ya ɗauka. Gidajen rediyo suka yi ta kiran masana, iyaye mata suka yi ta bugo waya suna kuka. "Zan zama mai kirki" ta shiga bakin kowa, ana ta yaba wa wanda ya rubuta ta. A tasha wata mata ta ga Sha-Mari ta janye ɗanta ta tofar da yawu, shi kuwa ya ji wani daɗi mai ɗaci, don yau dai ba dariya aka yi ba. 'Yan jarida suka tono sunansa na yanka suka buga. A gida matarsa ta kalli wurin nan na shagon kekuna har ƙarshe.

"Baban yara," ta ce daga baya, "me ka ce wa 'yar nan ta yi wannan fuskar?"

"Abin da kika ji."

"To," ta ce, ta kwashe kwanuka ta fita.

Watanni suka wuce. Wata ƙungiyar kare yara ta shirya taro a zauren wata makaranta, da rana tsaka, za a karrama shi da Darakta. Yara sun cika benci cikin kayan makaranta, fanka tana juya zafi. Aka hau da Rediyo dandamali, ta ɗan yi tsawo, ta rame. Ta karanto abin da aka koya mata ba tuntuɓe: "Idan babba ya ce ka riƙe sirri, ka faɗa wa mamarka." Yara suka amsa da ƙarfi har tagogi suna amsawa. Malamai suna share hawaye.

A barandar bayan zauren uwar ta tare shi, tana riƙe da hannun yarinyar. Ta gaishe shi har da rusunawa.

"Baba, aikin nan naku ya canza min ita. Ta yi hankali, ba ka jin bakinta. Sai dai ba ta yarda a rufe ƙofa, kuma ta koma jiƙa katifa, amma likita ya ce gajiya ce, zai wuce. Har malamin da na ɗauka yana zuwa gida yi mata darasi in ina wurin aiki, cewa yake bai taɓa ganin yarinya mai shiru irinta ba." Ta yi dariya. "Da a da ne, ai da na san launin safarsa."

Sha-Mari ya matso kusa da ita. "Malamin nan, kin san shi sosai?"

"Mutumin kirki ne, kowa yana sonsa. Af, na bar wayata a jaka. Ku tsaya nan, sai na yi muku hoto."

Tana juya baya Rediyo ta matso. Ba ta kama hannunsa kamar da ba. Ta duba hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

"Kawu, ban faɗa ba. Ko sau ɗaya. Tana nan da rai?"

Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Tana nan lafiya. Saurara, 'yata. Ki faɗa wa Mama. Da kyanwar, da bokitin, da abin da na ce miki, duka. Kuma duk wanda ya ce miki kar ki faɗi wani abu, ko wane ne, ki faɗa mata yau ɗin nan. Kin ji?"

Ta zuba masa ido. A hankali wani ɗan murmushi ya fito, na farko da ya gani tun ranar. Ta noƙe kafaɗa.

"Gwada ni kake yi."

"Wallahi ba gwaji ba ne!"

"Haka kake cewa kullum, Kawu."

Daga cikin zauren lasifika ta kira sunansa, na yankan, cikakke, da "fitaccen jarumi" a gaba. Tafi ya tashi. Darakta ya leƙo ta ƙofa yana yafito shi da hannu. Uwar ta dawo da waya, ta gan shi a durƙushe, idanunsa sun kaɗa.

"Baba, lafiya? Akwai magana ne?"

Akwai. Ba ta da tsawo ma, numfashi ɗaya ta ishe shi. Tunda yarinyar ba za ta faɗa ba, saura shi. Ya san abin da zai biyo baya: matar nan za ta daina ce masa Baba, tafin can zai mutu, jaridun da suka tono sunansa su sake tono shi da wata fuska. Ya dafa bango ya miƙe. Ya buɗe baki. Lasifika ta sake kiran sunan, kuma kaito, sunan ya yi daɗi a kunne.

"Babu komai," ya ce. "Gwiwa ce. Hoto kika ce, ko?"

"Yauwa. Matsa kusa da Kawu. Baba, don Allah yi mana fuskar nan taka ta da, na yi kewarta."

Sha-Mari ya ɗaga hannu ya dafe kuncin da ba wanda ya mara, ya juyo da idanun akuya. Uwar ta yi dariya har wayar tana rawa a hannunta. Rediyo ta tsaya a gefensa, hannuwanta a haɗe, ba ta ce komai ba.